Karen da Ba Ya Jin Jifa

Ɗiyata ce ta sauke mini shi a Cadawa. Likitan da take aiki ƙarƙashinsa a Maradi ya koma ƙasarsu ya bar mata karensa, mai gidan hayarta kuma ya ce ko ita ko karen. Launin karan gero gare shi, gashi buzu-buzu, kunnuwa a kwance. Baƙo ya shigo, sai ya kaɗa masa wutsiya.

Lokacin watana uku da shiga lakol ɗin manya, makarantar yaƙi da jahilci, da furfurata. A tsakar gidana ake karatun, don gwiwoyina ba sa kai ni nesa. Ranar farko karen ya zo ya kwanta a bakin tabarma. Na cire takalmi na wurga masa. Ya ruga ya ɗauko, ya ajiye a gabana sharkaf da yawu. Wanki bakwai ke nan, ɗaya da ƙasa. Na jefa dutse, ya kawo. Na jefa sakaina, ya kawo. Sati guda hannuna bai bushe ba.

Hajiya maƙwabciyata ta naɗe tabarmarta. "Ni da alwalata nake zuwa. Ko kare ko mu."

"Ai korarsa nake, kina gani."

"Aikensa dai kike."

Na kasa zaune na kasa tsaye. Na kira ɗiyata a waya na wanke ta tas. Da na gama ta ce, "Inna, irinsu ke nan. Don ɗauko tsuntsun da maharbi ya harbo ake kiwonsu. Duk abin da kika jefa, gani yake kin sa shi aiki."

"To da me ake korar kare?"



Malamarmu ta ba ni zuwa Laraba in raba karen da wurin karatu, in ba haka ba karatu ya koma bayan tasha. Ni kuwa a lokacin na fara haɗa baƙi da wasali. Na ɗora karen a amalanke har rugar wani Bafulatani a hanyar Gazawa. Ya kalli yadda yake wasa da ƴan raguna, ya ce, "Inna, wannan shi ma tsaro yake buƙata." Na komo da abina.

Da kaina na yanko kara na yi masa darni bayan rumbu. Laraba mata suka zo, ban da Hajiya, kuma ba ta sake zuwa ba. Malama na rubutu a allo, shi yana kuka ƙasa-ƙasa a can baya. Na riƙe allina ina kwafa, sau biyu ina ɓata layi ɗaya.