Muryar Uwar Dauda

Gidanmu na unguwar Longsight babu murhu, hitar gas ce a falo, ita muke kewayewa bayan magariba. Kaka Hajiya, uwar babanmu, 'yar zangon Kumasi, sai ta miƙe ƙafa ta ce, "To, ga ta nan, ku cafe." Ni kuwa lokacin gwanar kwaikwayo ce. Har maganar Kaka nake yi wa ƙannena a cikin bas, su yi ta sheƙa dariya. Ashe ta sani!

Ran nan ba gizo ba ƙoƙi. Ta ce da tana Birmingham ta yi jinyar wata tsohuwa Bayahudiya a unguwar Ladywood. Ɗan tsohuwar, Dauda, sana'arsa barkwanci. Shi kaɗai zai hau dandamali ya sa ɗaki guda dariya, yana kuma rubuta wasannin talabijin. Abin da ya ɗaukaka shi kuwa kwaikwayon uwarsa ne, da gurgun Turancinta da mitarta.

"Da ta rasu na je gaisuwa," in ji Kaka. "Wayyo, jikokina! Duk madubin gidan an lulluɓe da zane, haka al'adarsu take. Ga Dauda zaune a 'yar kujera, rigarsa a yage. Ya kama hannuna, nasa sanyi ƙalau. Ya ce, Hajiya, yaya muryarta take? In na lalube ta a kaina, tawa nake ji, wadda nake yi wa mutane."

Kaka ta tsare ni da ido. Wallahi tsigar jikina ta tashi.

"Ya koma dandamali?" in ji ƙanena Sani.

"Ya koma mana, ciki ba ya hutu. Kwaikwayon dai ya bari, muryar kuma ba ta dawo ba. Ƙurungus, ku tashi, isha'i ta yi."

Tun daga ranar ban ƙara kwaikwayon Kaka ba. Da, tsammani nake tsoratar da ni kawai ta yi don in bar raini. Sai da muka binne ta na gane ajiya ta ba ni.

Bara da sallah 'yar Sani ta ce, "Gwaggo, Baba ya ce kin iya muryar Kaka, yi mana!" Har na buɗe baki, sai na tuna Dauda. Na ce mata a'a. Muryar tana nan daram a kunnena, kuma ba ni da wata in na ɓata wannan.