Motar da Na Wanke da Tsamiya

Motar ta riga ni zuwa gidan nan. Da aka kawo ni na tarar da ita a kusurwar tsakar gida, kusa da rumbu, kat-san-kat mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke ce wa bashe. Ta surukina ce. A zamaninsa, in ji mutane, babu buhun gyaɗar da ya bar Kurni ko Ɗan Barto zuwa Damagaram bai hau bayanta ba, kodayake mutanen Matameye in suna yabon mamaci ba sa awo. Wata rana ta ƙi tashi, ya sa aka ɗage darni aka turo ta ciki, ya ce sai bayan salla. Har ya rasu sallar ba ta zo ba. Daga baya aka cire darnin aka ja katangar ƙasa, motar tana ciki, ba wanda ya tambayi ta inda za ta fita.

Ni dai ban taɓa kallon ta a matsayin mota ba. Wurin shanya ce. Kuɓewa da tattasai a kan murfin inji, zannuwa a kan ƙarafan baya. 'Ya'yana mata biyu a cikinta suka yi wasan 'yar tsana har suka girma, aka kai ɗaya Kance, ɗaya Damagaram. Tayoyin sun daɗe da nutsewa cikin rairayi, tsatsa ta ci jikinta har ba ka iya cewa ga launinta na asali. Wata kazata mai wake-wake ta mai da kujerar direba wurin ƙwai.

Maigidana direba ne, amma direban da ba shi da mota. Da an gama kaka an zuba damman gero a rumbu, sai ya bi sauran mazan unguwa cin rani Kano, yana ja wa wani Alhaji motar kaya. Ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Haka muke tun ƙuruciyata, ban kuma taɓa sabawa ba. Matan unguwa suna cewa ana sabawa. Ko dai ƙarya suke yi, ko kuma nasu mazan ba abin kewa ba ne. Da yara suna nan da sauƙi, ko faɗa ka samu wanda za ka yi wa. Da suka tafi, gidan ya zama ni da kaji. In tuƙa tuwo ɗan kaɗan ya kwana, in ɗumama shi ya sake kwana. Akwai ranakun da har rana ta faɗi ban buɗe baki na yi magana da ɗan adam ba.

A shekarar da aka aurar da ƙaramar, da safen da zai tafi, na kasa riƙe bakina.

"Maigida, yanzu fisabilillahi ni kaɗai za ka bari a gidan nan? Gemunka ya soma fari, har yanzu kana bin samari cin rani?"

Ya rataya jakarsa, ya dafa ƙofar motar. "To Malama, ya zan yi? Direba inda mota take yake zuwa. Da wannan tana tashi, me zai kai ni Kano?"

Malama yake ce mini saboda na taɓa koya wa matan unguwa karatu da rubutu. Ya duba tafinsa ya ga jan tsatsa, ya goge a wando, ya yi sallama ya fita. Shi ya faɗa ya wuce. Ni kuwa na ɗauki maganar na ƙulle a bakin zane.

Ba da niyya na fara ba. Ina yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na sayarwa, sai kaskona na ƙarfe ya kwana da ruwa ya yi tsatsa. Na yi masa abin da uwata take yi, na jiƙa tsamiya mai kauri na zuba a ciki ya wuni, na goge da toka da soson ƙarfe. Ragowar ruwan, don ƙyuyar zuwa bakin magudana, na watsa shi a jikin ƙofar motar. Kashegari na zo shanya, na sa yatsa a wurin, tsatsar ta biyo hannuna kamar dussa. A ƙarƙashinta ga ƙarfe fari tas.

Na tsaya ina kallon ɗan wurin nan da bai fi tafin hannu ba. Sai na koma ɗaki na kwaso duk tsamiyar da nake da ita.

Hanyar da na gano ita ce in dama tsamiya ta yi kauri, in tsoma tsofaffin tsummoki, in lulluɓe wuri da su tun da safe, in rufe da buhu don kada rana ta busar. Bayan azahar in yaye in yi ta gurza. Rannan na gama ƙofa guda cif, na wanke ta da ruwa, na tafi ina jin kaina. Da gari ya waye na tarar ta koma ja fiye da da. Na zauna a ƙasa na yi kuka, na zagi motar, na zagi wanda ya ƙera ta, har surukina da ke kabari sai da na yi masa ƙorafi, Allah ya gafarta mini. Sannan na aika a kira mini Kawu.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, tsohon makanike da ido ya hana shi aiki. Ya shigo yana dogara sanda, ya shaƙi iska, ya ce, "Ke 'yar nan, biki ake yi ban sani ba? Tun daga zaure nake jin warin kunun tsamiya."

Na nuna masa. Ya shafa ƙofar, ya shafa inda na fara, ya yi dariya har ya zauna.

"Mota ce wannan ko tukunya?"

"Ƙarfe dai ƙarfe ne, Kawu."

"Haka ne. Amma ƙarfen da kika tuɓe tsirara dole ki shafa masa mai nan take, in ba haka ba aikin banza kike. Kada ki sa na gyaɗa, tururuwa za ki gayyato. Zan aiko miki da baƙin mai." Ya ɗaga murfin inji ya zura hannu ciki ya daɗe yana lalube. "Jikin naki ne. Injin kuwa in kika zuba masa tsamiya, ni da ke."

Ya bar mini sifana biyu, ya koya mini kwance noti da ajiye kowane rukuni a ƙwaryarsa. Gidansa can bayan tasha yake, ƙafa kuma ta yi nauyi, sai ran da ya ji ƙarfi yake leƙowa. Sauran kwanakin ni kaɗai ce. Mai sayar da tsamiya a kasuwa ta fara tambayar ko shayar da unguwa nake yi. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta gan ni kwance ƙarƙashin mota da ɗankwali a baki, ta koma, kafin la'asar labari ya gama unguwa cewa kaɗaici ya taɓa ni. Ba su yi ƙarya sosai ba. Ina magana da motar. Ina ba ta labarin 'ya'yana, ina gaya mata abin da zan dafa ran da maigida zai wuni gida da rani, har da miyar da za ta raka shi.

Tsamiya ta tsattsage mini yatsu, in zan yi alwala sai na cije leɓe. Ban damu ba. A karon farko cikin shekaru ina tashi da safe da abin da ke jira na. Ran da na kwance mariƙin ƙofa na ga launinta na asali a ɓoye ƙarƙashinsa, shuɗi mai haske, na rasa wanda zan nuna wa. Sai na ɗauko kazar na nuna mata.

In maigida ya kira a salula, ya kan ce, "Me ake ciki, Malama?" In ce masa lafiya lau, sai zafi. Ban gaya masa ba, na kuma roƙi Kawu ya yi shiru. Inda ƙasan motar ya huje, Kawu ya kawo mai walda ya toshe, ina ɗaki ina leƙe ta labule. Wani da ya taɓa koyon aiki a hannunsa ya zo ya fesa fenti irin shuɗin nan. Tunkiyata ta tafi a kan kuɗin tayoyi. Kazar kuma na kore ta daga kujera, na ajiye mata kwando ƙarƙashin motar. Ta yi fushi kwana biyu sannan ta haƙura.

Maigida ya dawo bayan ruwan farko. Ya yi sallama daga zaure, ya shigo, sallamar ta tsaya masa a rabi. Jakar ta zame daga kafaɗarsa. Ya zagaya motar, ya sake zagayawa, ya buɗe ƙofa ya rufe, ya kuma buɗewa.

"Wa ya yi wannan?"

Na miƙa masa hannuwana biyu. Ya riƙe su yana duban tsagar yatsun, idonsa ya kawo ruwa. "Haka take ran da Baba ya kawo ta," ya ce. "Wallahi haka take."

Ban taɓa yin damina mai daɗin wannan ba. Da safe gona, da yamma shi da Kawu su zauna kan tabarma, inji a baje gabansu, Kawu yana gano abu da yatsa, maigida yana zuwa tasha neman tsofaffin kaya. Ni ina kai musu fura ina sa baki a abin da ba a tambaye ni ba. Gero ya fara kai lokacin da motar ta yi tari, ta yi shiru, ta sake tari, sannan ta ɗauka. Hayaƙi ya cika tsakar gida, kaji suka watse, na rangaɗa guɗa ni kaɗai. Sai a lokacin muka dubi katanga muka dubi juna. Kawu ya ce, "To, ku kwance ta ku fitar da ita ta zaure." Aka kira maza da diga suka fasa katangar bayan gida, aka toshe giɓin da zana kafin a samu lokacin gini.

Da kaka ta yi aiki. Dammai daga gonakin mutane, gyaɗa, daga baya rake daga fadama. Mazan unguwa suka ɗaure jakunkuna suka tafi, nawa yana nan. Na riƙa wucewa gaban maƙwabciyata ina gyara ɗaurin zane. Na ce a raina na ci nasara.

Sannan kaya suka ƙare. Ya kan fita tasha da safe ya dawo da azahar ba a kira shi ba. Fasinja sun fi son motocin zamani da kabu-kabu, kayan rani kuma sai ranar kasuwa. Ya rage magana. Yana zama cikin motar a inuwa, salula a kunne. Wata safiya ina tankaɗe ya zo ya tsuguna gabana.

"Malama, na yi magana da mutanen Kano. Akwai aikin jigila a kasuwar hatsi, kullum, ba yankewa. In mutum yana da motarsa, ba ya yi wa kowa bauta."

Na ajiye rariya. "Da wace motar?"

Ya waiwaya ya dubi motar.

"Kai da bakinka ka ce da tana tashi ba abin da zai kai ka Kano. A nan ka tsaya, hannunka a kan ƙofar nan."

Ya dube ni da gaske, yana neman abin a kansa. "Ni na faɗi haka?"

Da ƙarya ya yi mini da ta fi sauƙi. Bai tuna ba ne. Maganar da na yi rani guda ina gurzawa a kanta, shi ya goge ta a wando tare da tsatsar. Na yi faɗa ranar, faɗan da har maƙwabta suka ji. Na ce masa da na sani da na bar wa kaza kujerarta. Bai rama ba, haƙuri kawai yake ba ni, yana cewa don mu zai yi. Na san don mu ne. Sanin bai rage mini komai ba.

Ran da zai tafi ni na wanke masa ita, don ba zan bari ta shiga Kano da datti a ce aikina ne ba. Ya ɗage zana, ya fitar da ita da baya, ya sauko ya mai da zanar ya ɗaure. Ya ce in ya dawo da damina zai gina wurin.

Hadari ya haɗu, ruwan farko ya sauka, mazan unguwa suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Na share ɗakinsa, na jiƙa gero. Sai ga kira.

"Malama, bana ba zan samu zuwa shuka ba. Da ina ja wa wani ne sai in ajiye masa makulli in taho, amma tawa fa? In na tashi wani zai gaje wurin. Na yi magana da Kawu ya nemo 'yan ƙwadago su yi gonar." Ya ɗan yi dariya. "Kin san mutane tsayar da ni suke yi a hanya suna tambayar wa ya yi mini jikin motar nan? In ce musu matata ce, da tsamiya. Ba mai yarda."

Na ce masa ya gaishe su.

Da ana kiranta tarkace, kowace damina mijina yana gida. Ni na durƙusa da hannuna na gyara abin da ya ɗauke mini har daminar. Na daɗe ina jin haushinsa, yanzu haushin ya lafa, kewar ce ba ta lafa ba.

Zanar tana nan a giɓin katanga, ruwa ya sa ta baƙi. Kawu ya ce in bari ya sa a gina, na ce a bar ta, ta nan za ta shigo. Inda motar ta yi shekaru akwai ramuka huɗu a rairayi da tabon baƙin mai a tsakiya. Kwandon kazar yana wurin, a fili, ba abin da ke yi masa inuwa. Na ɗauke shi na kai gindin rumbu, ta ƙi bin sa, ta koma ta kwanta a kan tabon man. Da na gaji sai na mai da mata kwandon inda yake.