Na Ɓoye Ladan Kwana Huɗu a Ɗaki

A lokacin ni mace ce mai ji da kai a Tamaske, matar ladanin unguwarmu, wadda ba ta yarda a ji kanta da mijinta. Wannan halin ya kusa sa ni takaba.

Malam ya kwan biyu da masassara da ciwon kai, yana ta cewa ƙauri yake ji, alhali ko wuta ban hura ba. Na ce masa ya bar ni da fitina. Ran Talata yana kiran azahar sai ya tsaya tsakiya, shiru, kalmomin da ya shekara ashirin yana faɗi sun ɓace masa. Ya shigo gida yana tambayata ko ni wace ce. Wallahi tsoron bakin mutane ya fi kama ni bisa tsoron ciwon. Na kulle shi ɗaki ina turara masa hayaki, duk mai tambaya in ce ya tafi Ibohamane gaisuwar mutuwa. Kwana huɗu fa!

Yayarsa ce ta ture ni daga bakin ƙofa, ta iske shi yana jijjiga, jiki kamar garwashi. Ta ce mahaukaci ba ya zafin jiki haka, in kuma ƙaninta ya mutu, ni na kashe shi. Muka kai shi ƙaramin asibiti, majo mai duba marasa lafiya na ganinsa ya tura mu babban asibiti. Can aka ɗebi ruwan ƙashin bayansa, lokotoro ya ce yana zaton ƙwayar da ke fesar da ƙuraje a leɓe ce ta hau ƙwaƙwalwa ta kumbura ta, kuma ba zai jira sakamako ba. Take aka fara maganin ta jijiya, sau uku kullum har sati uku. Ya tambaye ni yaushe ciwon ya fara, na faɗi gaskiya ina kuka.

A sati na biyu Malam ya dube ni ya ce kunun nan ba tsami. Na gane hankalinsa ya dawo, na yi guɗa a tsakiyar asibiti!

'Yan'uwana mata, masassara in ta zo da ruɗewa ko sauyin hali, ranar nan a tafi asibiti, a bar mutane su faɗi abin da suka so. Har yau Malam yakan manta inda ya aje takalmansa, wannan rabona ne na jinkiri. Amma bayan wata biyar ya kira la'asar, na tsaya da muciya a hannu ina bin sa kalma kalma, har ya kai ƙarshe.