Hannun Malam Mudi

Shekara goma sha tara Malam Mudi ya yi a gindin dalbejiyar bakin kotu a Gashuwa, shi da tafiretarsa. Takardar koke, ta neman aiki, ta cinikin fadama, duk ta hannunsa suke bi, kuma bai yarda ya taɓa goge ko harafi ɗaya ba. In ya kai ƙarshen layi sai ya maka wa ƙarfen gefen tafiretar hannu don ya sauka sabon layi, ya kalli mai takarda kamar wanda ya yi kaye a kokawa.

Kwamfuta ta zo ta janye masa mutane ɗaya bayan ɗaya. Abin sa ran da ya rage masa shi ne 'yarsa Raliya, mai son karatun jinya. A 2007 aka ce fom ɗin jarrabawar shiga makarantar jinyar sai ta intanet, da kati mai lamba da ake shiga da shi sau ɗaya tak. Ranar rufewa intanet ɗin Gashuwa ya ƙi, suka hau mota sai Nguru, shagon wani Babakura.

"Malam, kawo in cike muku," in ji Babakura.

"Ni za a buga wa takarda? Tun kana goye nake wannan aiki."

Ya gyara zama. Suna, ranar haihuwa, adireshi, yatsu na gudu, kuskure ko ɗaya babu. Da ya kai ƙarshen adireshin, hannu ya yi abin da ya saba, ya danna babban maɓallin nan don ya sauka layi na gaba. A wannan fom kuwa, danna shi aikawa ne. Shafin ya ɗauke, ya dawo da saƙon godiya.

Ashe bai kai gurbin zaɓen garin jarrabawa ba, na'ura kuma ba ta tambaya, ta ɗauki sunan farko a jerin.

Raliya ta karanta. "Baba, ina ne Aba?"

Babakura ne ya amsa, murya ƙasa-ƙasa. "Can kudu ne, kwana biyu a mota. Kuma in ya tafi ba a gyarawa."

Ba ta je ba. Da shekara ta zagayo ya ce a sake, ta ce ya bari kawai, ta riga ta saba da shanyar barkono. Wannan magana ta ci shi ƙwarai, har yau bai warke ba.

Ya dai zauna ya buga takardar koke, shafi biyu, wadda bai taɓa buga mai kyanta ba. Tana nan ninke cikin akwatin tafiretar, don fom ɗin bai zo da adireshin da za a aika wa ba.