Mako Biyun da Baba Ya Jira Cardiff

Ranar ɗaya ga watan Maris, shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, Mama ta tashe ni da sassafe ta yafa mini jan mayafin ulu, ta ɗora mini doguwar baƙar hula a kan ɗan hijabina, ta maƙala mini fure ruwan ɗorawa a ƙirji. Ta ja da baya ta dube ni, ta kama baki ta ce, "Wallahi Rukayya, kamar an kifa miki turmi." Ranar ce ranar ƙasa ta mutanen Wales, kuma duk wata yarinya a ƙauyenmu haka take shiga. A zauren makaranta aka tara mu, tagogi sun yi gumi, warin rigunan da ruwa ya jiƙa ya gauraya da ƙamshin romon rago daga kicin. Al'adarsu ce a yi gasar rubuta waƙa a ranar, kuma ba a sa sunan gaskiya a takarda sai na aro, don kada alƙali ya san ɗan wa yake yi wa hukunci. Da shugabar makaranta, Misis Parri, ta kira sunan aron da na zaɓa, aka busa ƙaho, sai na gane ni ce na ci gasar. Na miƙe. Aka lulluɓa mini alkyabba, aka kai ni gaba aka zaunar a kujerar gwanin waƙa, aka ɗaga takobin katako a kaina, aka tambayi zauren har sau uku ko akwai zaman lafiya, yara suka amsa da iyakar muryarsu cewa akwai. Can baya na hango Baba a tsaye cikin babbar riga yana share ido da bayan hannu. Ko kalma ɗaya bai ji ba a waƙar, don da yaren Wales na rubuta ta.

Ina da shekara biyar muka bar Zariya muka koma wani ƙauye a Wales. Baba ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, ya sami aiki da wani kamfani mai duba tumakin gonakin da ke kan tuddai. Gidanmu na dutse ne, a jere da wasu guda shida, bango ɗaya muke rabawa da maƙwabci, da ɗan tsakar gida a baya wanda tabarma biyu za ta rufe shi. A nan Mama ta yi ta yaƙi da ƙasar. Ta shuka alayyafo a bokiti, dodon koɗi ya cinye. Ta shanya kuɓewa, ta yi fumfuna. Aikina ne in riƙa leƙen sama, da na ga hadari ya taso daga bayan tudu in ruga in kwashe shanya, kuma a rana ɗaya sai in yi haka sau uku. Ni ke ɗebo itace daga rumfa in jera gefen murhu, ni ke kai wa kajin maƙwabcinmu ɓawon dankali. Maƙwabcin nan tsoho ne, Mista Ifan, matarsa ta rasu, tumakinsa sun fi mutanen ƙauyen yawa. Lokacin haihuwar tumaki, ina tasowa daga makaranta sai garkensa, ya miƙo mini kwalbar madara mai ɗumi in shayar da 'yan raguna marayu, suna tunkurin gwiwata suna kaɗa jela. A filin makaranta na koya wa ƙawayena 'yar carafke da duwatsun rafi, su kuma suka koya mini tsallen igiya da mirginowa daga kan tudu har ciyawa ta rina mana riguna, Mama ta yi ta faɗa.

Abin da ake koya mana a aji, ni na haɗiye shi duka. Misis Parri ta zana mana taswira a allo, ta ce Wales ƙasa ce mai tutarta da yarenta da majalisarta a Cardiff, kuma majalisar nan ce ke yanke yadda za a yi da makarantu da asibitoci da gonaki, ba sai an tambayi Landan ba. Hujja kuwa muna ganinta. Da safe a makaranta muke karyawa kyauta. Mama takan karɓo maganin hawan jininta a kemis ba a ce ta kawo komai ba. Allunan hanya yare biyu ne, nasu a sama. Kullum maganar Misis Parri ita ce, "Duk wanda yake zaune a nan, yake son nan, ɗan nan ne." Wata rana Mista Ifan ya ba Baba labarin kakansa, wanda aka rataya wa guntun katako a wuya aka kuma zane shi don ya yi yarensu a aji. Baba ya buga cinya ya ce su ma a sakandare, duk wanda ya yi Hausa sai ya yini yana yankan ciyawa. Tun daga ranar ya ɗauki mutanen nan ya sa a zuciya. Yakan ce wa Mama, "Waɗannan sun san zafin raini, ba za su raina wani ba." Abin da aka ba Cardiff an zana mana shi a allo. Abin da Landan ta riƙe a hannunta, babu wanda ya taɓa zana mana.

Kwana huɗu bayan gasar waƙa takarda ta zo daga Landan. An ƙi sabunta wa Baba izinin zama, wai akwai wata takarda ɗaya daga wurin aikinsa da ba a haɗa ba. A ƙasa an rubuta cewa yana da mako biyu ya nemi a sake duba hukuncin. Baba ya ninke ta ya sa a aljihu, ya tafi wurin Misis Parri. Ita kuwa ta tashi tsaye haiƙan. Ta ce za ta nema mana ganin 'yar majalisar yankinmu, ta fito da takardun sa hannu, aka ajiye a shago da ɗakin ibadarsu da wurin gwanjon tumaki. Ta tambayi Baba ko yana da lauya, ya dafa ƙirji ya ce, "Ina da ku." Bai nuna mata layin ƙasan nan mai wa'adin mako biyu ba. Ba wai bai karanta ba ne, Baba ya fi kowa karatu a gidanmu. Amma shi a yadda ya tashi, idan babba ya karɓi maganarka, to ta bar hannunka. Ba ka kai kuka wurin hakimi ba, sannan ka zagaya ta baya ka kai ƙara gaba tun bai buɗe baki ba. A wurinsa, aika wa Landan amsa a lokacin tamkar ce wa mutanen Wales ne bai yarda da su ba. Mama tana tuƙa tuwon semo ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Malam, wanda ya aiko takarda shi ake mayar wa amsa." Ya ce, "Ke dai ba ki san yadda mulkin nan yake ba. Ƙasa guda ce fa, da gwamnatinta."

Mako biyun nan su ne mafi daɗi da na yi a ƙauyen, shi ya sa na fi tsanar su. Kullum bayan la'asar ni da Baba muke bi gida gida da takardar sa hannu a cikin leda saboda ruwa. Ko'ina sai an ba mu shayi da 'yar wainar da suke gasawa da busasshen inibi. Tsofaffi su sa in yi musu waƙata, su tafa, su ce wa Baba, "Ai wannan tamu ce, babu inda za ta." Baba ya dawo gida yana lissafa wa Mama gidajen da suka sa hannu, fuskarsa tana sheƙi.

Ranar da aka ba mu ta ganin 'yar majalisar, muka hau jirgin ƙasa zuwa Cardiff, Baba da sabuwar shadda, ni da rigar makaranta. A hanya ya yi ta jaddada mini, "Da yarensu za ki yi mata, ta ji da kunnenta." Haka kuwa na yi. Matar tana da kirki, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta saurare ni har ƙarshe, ta riƙe hannuna biyu, sannan ta amsa mini da yaren da na yi mata. Ta ce za ta rubuta wasiƙa da dukkan ƙarfinta, amma maganar wanda zai zauna da wanda zai tafi ba ta cikin abin da aka ba su. Ta karɓi takardar Landan, idonta ya sauka ƙasa, ta tambaye ni ko mahaifina ya riga ya aika da neman sake dubawa. Na ga leɓenta yana motsi tana ƙirga kwanaki. Wa'adin ya wuce da kwana biyu. Baba yana gefena yana murmushi, yana gyaɗa kai, yana jin daɗin yadda 'yarsa ke magana da manya. Ya taɓa ni ya ce, "Me ta ce?" Ina da shekara goma sha ɗaya, na riga ubana sanin cewa tamu ta ƙare.

Kafin kaka muka tafi. An yi mana taron bankwana, an yi waƙe-waƙe, Misis Parri ta yi kuka har hancinta ya yi ja, Mista Ifan ya tsaya a ƙofar garke yana tsine wa Landan. Ni ban yi kuka ba. Na tsaya ina kallonsu ina cewa a raina, ku da ba a ba ku mabuɗin ƙofa ba, me ya sa kuka ce mini nan ɗakina ne? A Zariya yara suka sa mini Baturiya, suna kwaikwayon Hausata har na gama sakandare. Baba bai sake ambaton Wales ba. Sau ɗaya tak na ji ya ce wa Mama, a hankali, "Kin faɗa."

Yanzu shekara biyu ke nan ina wata ƙasar wajen daban, a garin Greensboro, unguwar Glenwood, wurin ƙanwar Mama, Anti Balaraba, ina kitso a wani shago, takarduna na izinin zama suna kan hanya. Talatar makon jiya na dawo daga aiki da rana na tarar da ambulan da sunana daga ofishin shige da fice. Da na buɗe, ƙasa na fara dubawa. Kwana talatin aka ba ni in mayar da amsa. Na zauna a kan matakala na karanta ta tun daga sama. Ranar Juma'a Anti ta kai ni wurin Alhaji, dattijon da ke shugabantar mutanenmu a garin nan. Ya duba sama sama ya miƙo mini ya ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata. Manyan garin nan sun san mu, tare muka yi buɗa baki bara. Bar shi a hannuna." Na durƙusa na ce, "Na gode, Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma." Litinin da safe na hau bas ban gaya wa kowa ba, na sauka a tsakiyar gari, na shiga ofishin wata lauya a titin Elm Street, na tsaya a kanta har ta aika da amsar. Da labari ya kai gida, Anti ta ce, "Kin tsallake manya, Rukayya? Da wane ido zan dubi Alhaji? Ke kam Turai ta ɓata ki." Jiya na gaishe shi a bakin masallaci, ya amsa wa na bayana.

Ban san abin da za a yanke mini ba. Lauyar ma ba ta yi mini alkawari ba, kuma na fi yarda da ita saboda haka. A can ina da ƙauye guda da ya ce ni tasa ce, ban kwana da tsoro ba sai ranar ƙarshe. A nan amsata ta isa a kan lokaci, amma babu mai kirana tasa, kuma duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in bar taga, kada a ce jami'an shige da fice ne. Har yau ban daina jin haushin mutanen Wales ba, kuma har yau da yarensu nake mafarki.