Ranar da Na Kwance Tsirkiyoyin Baba

A falonmu na unguwar Gwallameji, tsakanin taga da kabad ɗin kwanukan Inna, akwai wata jita da ba a rataya ta a wuya. A kan ƙafafu huɗu take tsaye kamar teburin tela, fuskarta na kallon rufi. Wuya biyu gare ta, kowanne da tsirkiya takwas. Mai kaɗa ta zama yake yi a kujera, ya sa faratan ƙarfe a yatsunsa na dama, ya riƙe wani guntun ƙarfe mai santsi a hagu yana zamar da shi a kan tsirkiyoyin. Ba ta da wata murya sai an jona ta da lasifika. In an jona kuwa, sautinta ba ya tsalle kamar na garaya. Ja yake yi, ya lanƙwashe, ya yi rawa a ƙarshe, kamar mai guɗar da kuka ya ci ƙarfinta.

Ta mahaifina ce. Ya yi aikin soja cikin 'yan badujala a barikin Shadawanka har ya yi ritaya da igiya uku, shi ya sa kowa Saje yake ce masa, har da Inna. Wani tsohon soja mutumin kudu ne ya koya masa ita, da zai koma garinsu kuma ya bar masa, domin ta yi masa nauyi a mota.

Baba bai san rubutun kiɗa ba. Da jitar ta zama tasa, sai ya kwance saitin da mutumin ya bari, ya yi ta murɗa 'yan makullan da ke ɗaure tsirkiya, yau wannan gobe wancan, har suka yarda suka faɗi waƙoƙin da mahaifiyarsa, Bafillatana, take yi in tana kaɗa nono. Ya ce ya fi shekara yana wannan nema. Saitin da ya samu babu shi a takarda ko ɗaya. Yana cikin kunnensa, yana kuma jikin tsirkiyoyin.

Lokacin da na shiga makarantar gaba da sakandare, kunnen ya riga ya tafi. Likita ya ce tsayuwa gaban ganguna da kakaki ne shekara da shekaru. Sai muka koma rubuta masa magana a wani littafin makaranta da ke rataye a jikin ƙofa. Ni wannan bai dame ni ba, dama can magana wuya take yi mini. A rubuce na fi faɗa masa abubuwa fiye da duk shekarun da yana ji.

Amma bai daina kiɗa ba. Kullum in ya dawo sallar la'asar sai ya zauna, ya jona lasifika, ya sa faratansa. Hannu ya riga ya haddace inda ƙarfen zai tsaya. Mu ne muke jin abin da yake yi, shi ba ya ji. In wata tsirkiya ta ɗan saki, Inna ce take ganewa daga kicin. Ta fito tana goge hannu a zane, ta dafa kafaɗarsa, ta nuna masa sama da yatsa. Shi kuma ya riƙa murɗawa kaɗan kaɗan har ta sauke yatsan.

"Saje, yau akuyar nan taka mura take yi," ta kan ce, alhali ta san ba zai ji ba.

"Na ga bakinki yana motsi," ya kan amsa. "Tsegumina kike yi, Allah yana kallonki."

A shekarata ta biyu a makarantar aka aiko masa cewa tsofaffin abokan aikinsa za su taru a bariki, suna so ya zo ya kaɗa musu waƙar tsohuwarsa, wadda duk suka sani tun suna samari. Saura wata guda da 'yan kwanaki. Na daɗe ban ga Baba cikin irin wannan zumuɗi ba. Ya fito da tsohuwar hularsa ta soja ya shanya. A cikin makon ne kuma aka yi rasuwa a danginsa a Darazo, suka tafi ta'aziyya shi da Inna, za su yi kwana bakwai.

Ni dai na daɗe ina jin kunyar tsatsar da ke jikin jitar. Na taɓa zuwa shagon intanet na buga shafuka a kanta, na karanta su har sun yi laushi. A ciki na ga cewa irin waɗannan tsofaffin jitoci akwai masu nemansu ruwa a jallo, domin maganaɗisun da ke ɗaukar sautinsu yana ba da wata murya mai kauri da sababbi ba sa iya yi. Na kuma karanta cewa tsatsa ce take cin darajarsu. Shafi na ƙarshe ya jera yadda ake saita kowace tsirkiya, ɗaya bayan ɗaya, da harafin da ke nuna muryarta. Sai na raya a zuciyata cewa Baba ba zai shiga gaban mutane da abu mai datti ba.

Na sayo sababbin tsirkiyoyi a wani shagon masu kayan kiɗan coci a Yelwa. Na ari ɗan usur na saita murya a wajen maƙwabcinmu, wanda yake koyar da mawaƙa a cocinsu. Na shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar falo. Kowane sukurun da na cire sai na ɗora shi a kan takarda, na zagaye shi da biro, na rubuta inda ya fito. Na zana inda kowace ƙafa take shiga. Na gwada kaurin kowace tsohuwar tsirkiya da sabuwa. Komai na rubuta, sai abu ɗaya. Ban tsaya na kaɗa kowace tsirkiya na rubuta muryarta ba. A tunanina an riga an rubuta wannan a shafin da ke hannuna, in ma akwai bambanci to tsufa ne ya sa suka kauce.

Na kwance duka goma sha shidan a safiya ɗaya, don in samu damar goge ƙarƙashinsu. Ina tuna ƙarar da kowacce ta yi tana saki, tana sauka, tana sauka, har ta mutu. Ban ji komai a raina ba a lokacin. Kwana uku ina gugar ƙarfe da tsohon buroshin haƙori. Na ɗaura sababbi, na hura usur, na saita su daidai da takarda. Da na ja yatsa a kansu sai suka ba da wani sauti mai daɗi, tsaf, irin na rediyo. Na yi barci ina jin na yi abin kirki.

Da suka dawo, Baba ko takalmi bai gama cirewa ba ya hango jitar. Ya zagaya ta sau biyu, ya shafa gefenta da bayan hannu.

"Uwata, ke kika yi wannan?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ɗaga kai alamar e.

"Kai, Allah ya yi miki albarka. Ko ranar da aka ba ni ita ba ta yi wannan ƙyalli ba." Sai ya taɓa tsirkiyoyin, ya dube ni. "Ɗaya bayan ɗaya kika canja su ko? Kina cire guda, kina gwada sabuwar da 'yan'uwanta kafin ki taɓa ta gaba?"

A nan ne na gane. Littafin yana nan rataye a ƙofa, biro yana ciki. Ban miƙa hannu ba. Na sake ɗaga kai.

Bayan la'asar ya zauna ya jona lasifika. Hannunsa ya bi hanyar da ya saba, ƙarfen ya tsaya duk inda ya saba tsayawa. Abin da ya fito ba waƙa ba ce. Muryoyi ne suke karo da juna, wannan ta hau inda ya kamata ta sauka, waccan ta yi kuka a inda ya kamata a huta. Shi kuwa ya lumshe ido, yana gyaɗa kai, leɓensa na bin baitocin tsohuwarsa.

Inna ta fito da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta je ta dafa kafaɗarsa ba. Ta yafito ni zuwa kicin.

"Ke, me kika yi wa abin nan?"

Na gaya mata.

"Innalillahi. Duka? Lokaci guda?" Ta ajiye ludayin. "Garin neman gira kin rasa ido. To ba takardarki ta gaya miki yadda yake ba?"

"Ta gaya mini yadda na wasu yake, Inna."

Ta saurari abin da ke fitowa daga falo. Can ta ce, "Kar ki gaya masa tukuna. Mu gwada."

Mun gwada. Kowace safiya in ya fita majalisarsu ta ƙofar masallaci, sai mu rage ƙarar lasifika. Da yamma na kan zauna kusa da shi kamar ina karatu, ina zana inda yake ɗora ƙarfen a kowane baiti. Da safe in ɗora ƙarfen a wurin, Inna ta rera, ni in murɗa.

"Ba haka ba."

In ƙara murɗawa.

"Ba haka ba. Kin wuce. Koma. A'a, wallahi ba haka ba ne."

Ta san waƙar in ta cika, amma ba ta san gaɓoɓinta ba. Da ƙyar muka samo tsirkiya biyar, waɗanda bakin waƙar yake bi ta kansu. Sauran, masu amshi daga ƙasa, waɗanda suke sa tsigar jiki ta tashi, babu mai iya rera su, domin ba a taɓa jin su su kaɗai ba. Na tuna akwai wani kaset da aka taɓa ɗaukar kiɗansa a ciki. Na juye akwatuna har na same shi, ashe an daɗe da ɗaukar wa'azi a kansa.

Mako uku muna haka. Kullum la'asar Baba yana kaɗa ɓarna yana murmushi, yaran maƙwabta da suka saba leƙowa ta taga sun daina zuwa. Wata rana ya ce mini, "Sababbin nan sun fi tauri a hannu, amma za su yi laushi kafin ranar." Na tashi na shiga ɗaki.

Saura kwana huɗu taron na ciro littafin daga ƙofa. Sau uku ina rubutawa ina yagewa. A ƙarshe layi biyu na rubuta: cewa na kwance su duka lokaci guda, kuma abin da yake kaɗawa tun dawowarsa ba waƙarsa ba ce.

Ya sa tabarau ya karanta. Ya sake karantawa. Bai dube ni ba. Ya ja kujera, ya sunkuya, ya kafa haɓarsa a jikin katakon jitar, ya kaɗa tsirkiya ta farko, yana neman jin rawarta a ƙashinsa. Ya murɗa, ya kaɗa, ya murɗa. Dattijo mai furfura, a duƙe kamar mai shan ruwa a rafi. Har aka kira magariba yana haka. Washegari ma haka, da wanshekarenta. A rana ta uku ya miƙe, ya cire faratan ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a gwangwaninsu, ya zare wayar lasifika ya naɗe.

"Tun mako uku?" Abin da ya tambaya ke nan. "Kuna zaune kuna ji?"



Ranar taro wani abokinsa, tsohon mai busa kakaki, ya zo ɗaukarsa da mota. Tun daga ƙofar gida yake ihu.

"Ina kurman nan? Saje! Fito da teburin naka, mutane na jira!" Ya shigo ya ga jitar, ya riƙe baki. "Iye! Amarya aka yi mata? Wa ya wanke wannan tsohuwa?"

Baba ya karanta fuskarsa ya yi ɗan murmushi. "Uwata ce. Ka ga ƙyalli ko?" Sai ya ce, "Ka ba su haƙuri, yatsuna ne suka ƙi. Sanyi ya kama su."

Mutumin ya yi ta magiya, da baki da hannu, har da rubutu a littafin. Baba ya ƙi tashi. Bai taɓa gaya wa kowa abin da na yi ba, ni ma bai sake tayar mini da maganar ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na roƙe shi a rubuce, ba sau ɗaya ba, ya zauna ya nuna mini hannunsa a sauran waƙoƙin, ko ma samo wani abu. Ya kan karanta, ya mayar da littafin a ƙusa. Bayan la'asar sai ya ɗauki tabarma ya fita ƙofar gida ya zauna yana kallon masu wucewa. Haka ya yi shekara biyu, har Allah ya karɓi abinsa.

Jitar tana wajena yanzu, Inna ma a wajena take. An taɓa kawo mini wani mai sayen tsofaffin kayan kiɗa daga Legas. Ya duba ta ciki da waje, ya ce bai taɓa ganin irinta da aka adana da kyau haka ba, ya ce duk wanda ya kula da ita ya san abin da yake yi. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi ƙofa.

Har yau ina da littafin da nake rubuta duk saitin da na gwada, don kar in maimaita wanda ya riga ya faɗi. In na samu sarari bayan la'asar, na kan zaunar da Inna kusa da lasifika, in ɗora ƙarfen a inda na zana, in kaɗa. Shekaru da yawa amsarta ɗaya ce, kuma da wannan amsar nake rayuwa, domin muddin tana cewa ba haka ba, to waƙar tana nan a wani wuri.

Tun bara ta canja. Duk abin da na kaɗa, sai ta gyaɗa kai ta ce, "Yawwa, haka yake." Rannan na saki tsirkiya biyu da gangan har suka yi lako-lako, na kaɗa mata. Ta lumshe ido ta ce, "Haka yake, 'yar nan. Haka Saje yake yi."