Baƙon Inna

Ƙamshin kisra, gurasar dawar nan mai falle-falle, ne ya tarbe ni a ƙofar gida ranar, da ɗan ƙauri, don Inna ta bar ta kan wuta ta tafi duba ƙanina. Haka take yi tun da aka haife shi. Bayan ni, biyu sun riga shi zuwa, ba wanda ya kai yaye. Shi ma an yanka masa rago, liman ya raɗa suna, amma Inna ba ta taɓa faɗin sunan ba. Baƙo take ce masa. Ni kuwa tsoro nake ji, don na san baƙo ba ya zama.

Daga makaranta na dawo da wani labari a bakina. Ustazarmu, wata doguwar malama da ke zuwa daga garin Kamlin a motar haya, ta zana mana rana a allo, ta zana hanyar tauraron Mirrihi da ta tauraron Mushtari, sannan ta yayyafa ɗige-ɗigen alli a tsakaninsu. Ta ce duwatsu ne ke yawo a can, kowane da hanyarsa, Larabawa na ce wa ɗaya kuwaikib. In mai duban sama ya hango sabo, ba a sa masa suna nan take. Lamba ake ba shi ta wucin gadi, a jira ya zagayo, a sake ganinsa inda aka zata, har a tabbatar da hanyarsa. Na tambaye ta, wanda bai dawo ba fa? Ta ce dawowa kam yana dawowa, mutane ne ke rasa inda za su duba.

Na zauna gefen murhu na kwashe wa Inna duka. Tana ɓanɓare kisrar da ta ƙone, ba ta ɗago ba.

"To su ma sun san zafin abin ke nan," in ji ta.

"Inna, dutse ne fa."

"Ke da Ustazarki. Miƙo mini faifai."

Damina ta wuce, aka tsinci auduga, wata daminar ta zo. Zazzaɓi ya kama baƙon Inna ya sake shi. Ya yi rarrafe, ya miƙe. Kowace safiya ina leƙa shimfiɗarsa kafin in ɗauki jakata, in same shi inda na zata.

Wata la'asar muna hawasha, gonar da Baba ke nomawa, muna cirar ciyawa, sai ƙanina ya bi wata farar balbela da gudu, ya nufi tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonaki. An saki ruwa a ranar, ta cika har baki. Ni ce kusa da shi, amma kafin in yar da ciyawar hannuna ya kusa kai bakinta. Sai na ji sunansa ya tsaga gonar, cikakke, da muryar Inna. Ya tsaya cak, ya waiwayo yana neman mai kiran. Ta isa gare shi ta ɗauke shi, ta goya, ta koma ga ciyawarta. Daga ranar ba ta ƙara ce masa baƙo ba.

Sai da na shiga jami'a gwaggota ta faɗa mini, muna tsintar wake, cewa ni ma akwai wadda ta riga ni, ba ta zauna ba, kuma baƙuwa Inna ta yi ta ce mini har na fara tafiya.